Lurun da Ratsinsa Ya Ƙi Haɗuwa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Hamidu, a Madawa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lahiya, Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da na abin da ido ba ya gani. Innarka na gaishe ka, ƙannenka na gaishe ka. Mu nan lahiya lau. Labarin gida ke nan, don ba labari na zauna rubutawa ba.

A tasha na so in yi maka magana, mai mota ya dame mu da busa oda, kai kuma kana can sama kana ɗaure itacen masaƙa. A salula ko, kuɗɗin ciki kan ƙare kafin mutum ya kai ga abin da ke ransa. Shi ya sa na biɗi biki, wato alƙalami, da takarda. Ka karanta a natse, ba a bakin hanya ba.

Da farko ka san ko ɗan wa kake. Ina aji na uku a kolej ta Buza ubana ya rasu, na rufe kaye, littafin rubutuna, na komo gida. Abin da ya bar mini shi ne ƙoshiya guda, da masefi mai karyayyun haƙora, da ƙanne masu jiran tuwo. Itacen masaƙata ni na saro su bayan dutsi, ni na fere su. Gidan da anka haife ka ciki ni na buga tubalinsa, ni na aza masa kwano. Gonar fadama da muke dasa albasa ba gado ba ce, da ƙoshiya na saye ta. Na aurar da ƙannena, na yi jinyar uwata har Allah Ya karɓi abinSa, na sa ku lakwal, makarantar boko, ku duka. Lurun Asumana, mayafin nan mai ratsi-ratsi, daga Buza zuwa Keita, daga Tawa zuwa Ƙonni, in mace ta juya bakinsa ta ga baƙin zare uku da ja guda, ba ta tambayar na wane ne. Ba kawu a gwamnati, ba ɗan siyasa, ba furoje mai raba tallafi. Allah da hannuwan nan biyu.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ni janye ko kalma guda. Amma akwai sauran gaskiya da ban saba faɗa ba, ita ce za ta yi maka amfani yanzu da ka ɗauki rancen kes, asusun nan mai ba da bashi, ka tahi kafa taka rumfa.

Shekara da shekaru ina bugun ƙirji a kasuwa ina cewa ban taɓa cin bashin kowa ba. Alhali kowace ranar kasuwar Buza ina zuwa shagon Alhaji Nomau in ɗauki zare ba tare da na ba da ko dala ba, in na saƙa in kai masa lurun, shi ya yanka kuɗɗin da ya ga dama, ya cire na zarensa, ya miƙo mini saura. Ban taɓa kiran wannan bashi ba. Cewa nake yi mutunci ne tsakanina da Alhaji. Launin da ya kwana a shagonsa shi yake ba ni, in ina son shuɗi ya ce ja ya rage, sai in saƙa ja. Wata rana innarka tana saƙar tabarmarta a inuwa, ina faɗa wa wani baƙo maganata ta kullum, da ya tashi ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba:

"Malam, zaren ga da ke bisa masaƙa, naka ne?"

Na ce, "Na wa zai zama?"

Ta ce, "To in naka ne, kai lurun Madawa ka sayar mu gani."

Na yi mata faɗa, na ce mace mai saƙar kaba mi ta sani a sha'anin zare. Amma ban kai lurun Madawa ba, don ba ni da ikon kai shi. Wanka Mahamadu, babban ɗana, yana tsaye yana ji. Ya ga ubansa ya fi kowa hannu a ƙasar nan, ya ga kuma abin da ke shigowa gida bai kai na mai kabu-kabu ba. Bai yi gardama da ni ba, ya dai bi ƴan bida, masu tahiya neman kuɗɗi, zuwa Abijan, har yau ƙoshiya ba ta sake shiga hannunsa ba. Ni na kore shi daga sana'ar nan, ba Abijan ta ja shi ba.

Don haka, Hamidu, ka sayi zarenka da kuɗɗi hannu, ko da ƙulli biyu ne. Duk wanda ya ce ɗauki ka kawo mini kayan, ka gode masa ka wuce. Rancen da kes ta ba ka sunansa bashi, kowa ya san bashi ne, an faɗa maka abin da za ka mayar da lokacin da za ka mayar. Wanda ya fi ci shi ne wanda ba a kira shi da sunansa ba. Kuma abin da suke ɗorawa a kai, ka sa su faɗa maka shi da Hausa, ba da Faransanci ba, abin da ya shige maka duhu ta fuskar addini ka kai wa malaminka, kada ka ji kunyar tambaya kamar ubanka.

Lokacin da mutanen kes sunka fara zuwa garinmu, wata yarinya ce bisa moto da kaski, hular kwano, a kai. Ta tara masaƙa a gindin icen bedi ta ce mu haɗu ƙungiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, a ba mu ɗan jari mu sayi zare da kanmu. Na tashi na kakkaɓe riga na ce ni Asumana ban kai ga bara ba. Ille, taubashina, wanda kake kira Baba Ille, ya ɗaga murya ya ce:

"Ku ƙyale bawana, shi nashi ubangidan na Buza, sai ya je ya biɗo izini!"

Anka yi dariya. Na ce masa mai saƙar buhu ba shi da bakin magana inda masu luru ke zaune. Na tahi gida. Su kuwa sunka shiga. Ina kallo Ille, wanda saƙarsa in ka ɗaga ta ga rana kana hango garin gaba, ya fara zaɓen launi da kansa, yana kai kayansa Madawa, ya sayi akuya, ya sayi amalanke. Abin ya ci mini rai. Sai da rani ya kusa ƙarewa na je na ce a sa sunana.

Nan na yi kuskuren da masaƙi bai kamata ya yi ba, ni da na san shekara kamar tafin hannuna. Yarinyar ta ce mini, "Baba, ka bari sai kaka, yanzu damina na bisa hanya." Na ji kamar tana koya mini sana'ata. Na ce yanzu nake so. Ta tambaye ni nawa, na tambaye ta nawa Ille ya ɗauka, na ce a ba ni fiye da haka. Ba lissafin zare na yi ba, lissafin Ille na yi.

Ka tuna wadarin da na ja. Tsawonsa ya fita ƙofar gida, kunkurun, dutsen nan da ke riƙe da zaren, yana can kusa da masallaci, yara na tsallake shi. Mutane na tsayawa kallo, ni kuwa ina jin daɗi. Ban saƙa abin kirki ba hadari ya taso. Daga nan kullum naɗe zare, kullum warware zare. Mu duka munka koma gona, don gero ba ya jiran kowa. In na dawo da marece hannuna ya yi kanta da hauya, baya ya ƙage. Zaren da na jingine a ɗaki sanyi ya kama shi, gara ta shiga gefe guda. Wanda na samu na saƙa kuma babu mai saye. Wa ke sayen luru cikin damina, rumbu wayam, biki sai bayan girbi? Amma wata in ya kama, lokacin biya ya yi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Na biya na fari da kuɗɗin albasa. Na biya na biyu da rago. Na uku ban da shi. Dokar ƙungiya kuwa ka san ta, in ɗaya ya kasa sauran su cika, in ba su cika ba a rufe wa kowa ƙofa. Ranar taro na zauna can baya, na ja rawani na rufe baki. Da anka zo kaina, kafin in buɗe baki, Ille ya zaro kuɗɗi daga aljihu ya aza bisa tabarma ya ce:

"Na bawana ne. Dabbar gida in ta yi ɓarna, mai ita ka biya."

Anka yi dariya, har ni na yi, amma ban san yadda na kai gida ba. Na wata mai bi kuma innarka ce. Tabarmin da ta tara don auren ƙanwarka ta ba mai mota ya kai Madawa, ta kawo kuɗɗin ta sa mini ƙarƙashin matashi. Saƙar kabar da na rena ita ta rufa mini asiri.

Ka ji wannan da kyau. Rancen masaƙi da kaka ake ɗaukarsa, lokacin da hannu ya huta da hauya, iska ta bushe, masu aurar da ɗiya na yawo da kuɗɗin wake. Kai ka yi daidai da ka jira, ka ci gaba da hakan. Kafin hadarin fari ya taso, ka tabbata ka sauke abin da ke kanka. Ka ɗauki abin da hannunka zai iya saƙawa, kada ka dubi na maƙwabci. Kuma ƴan ƙungiyarka, ko saƙar wani ba ta gamshe ka ba, ka gaishe shi da mutunci, ka je taro kan lokaci, in wani ya gaza ka sa hannu a aljihu ba tare da ka sa shi ya roƙa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biki na zauna rubutun nan. Sauran duk hanya ce.

Da kaka ta yi, ina da nauyin kes, ina da nauyin Ille, ina so in sauke su da gaggawa in ɗaga kaina. Sai ga wata Hajiya daga Sabon Gida za ta aurar da ɗiyarta, tana son babban luru mai ƙwarya takwas, na Asumana ba na kowa ba, kuma biki ya matso. Tun ina yaro ubana ya faɗa mini, luru guda hannu guda. Kowace ƙwarya daban ake saƙa ta, doguwa siririya, sai an gama a jera a ɗinke, ratsin wannan ya tarar da ratsin waccan, ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi, kamar layi guda anka ja. Hannu biyu ba su bugun masefi daidai. Na sani sarai. Amma gaggawa ta sa na raba, na ce ni huɗu kai huɗu. Na yanko karan gero, na yi masa tsaga-tsaga inda kowane ratsi zai faɗa, na ba ka na ce ka bi shi.

Ka bi shi. Ina ganinka kana aza karan kowane ɗan lokaci, har ina ce maka kana ɓata rana.

Da munka ɗinke munka shimfiɗa a tsakar gida, ratsin ya ƙi haɗuwa. A farko ɗan kaɗan ne, kafin a kai ƙarshe ja na kallon fari, tsakiyar lurun kamar matakala. Hajiya ta zo da ƙawayenta, ta duba, ta juya bakin ta ga baƙi uku da ja guda, ta ce, "Malam Asumana, wanga naka ne kuwa?" Ni kuwa, gaban baƙi, gaban innarka, gaban Ille da ya leƙo, na nuna ka da yatsa na ce hannun yaron ne bai nuna ba, na ce na yi kuskure da na bar ɗan koyo ya taɓa kayan amarya. Kana da gemu a lokacin, shekarunka a masaƙa sun fi na wasu masu rumfa. Ka shiga ɗaki.

Bayan kwana kaɗan innarka ta same ni ta ce, "Ka san ɗanka ya sayi jaka? Ya yi magana da masu tahiya Jado wurin zinariya." Ta ce, "Guda ya tahi, ka ce Abijan ta ja shi. Wanga wa za ka ce ya ja shi?"

Hamidu, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba tsoron kes ba, ba na Hajiya ba. Na dubi rumfa na ga masaƙa biyu, na ga ranar da za a cire ɗaya a yi makarin awaki da itacenta, ɗayar kuma ta jira mutuwata. Na tuna ƴaƴan mutane da sunka bi hamadar nan, wasu sun komo, wasu ko labari babu.

Na roƙi Hajiya ta ƙara mini lokaci, na ce zan sake saƙa rabin da ya ɓaci. Na farke ɗinkin da niyyar in jefar da naka. Karan yana nan soke a rumfa inda ka bar shi. Na ɗauko shi don in ga iyakar ɓarnar da ka yi. Na aza bisa ƙwaryarka ta fari, kowane ratsi ya faɗa kan tsagarsa. Ta biyu haka. Duka huɗun haka, kamar da injin. Sai na aza bisa tawa.

Tawa ce ta kauce. Na daɗe da daina awo, ina cewa idona ya fi kara. Ban lura ba ido ya rage, kafaɗa ta rage, da safe ina bugu da ƙarfi, da la'asar hannu ya yi sanyi, ratsin ya buɗe. Lokacin da nake saƙa luru ni kaɗai, kuskuren kan bi juna ya ɓoye. Da anka jera shi da aikin da ya bi kara, sai ya fito fili.

Na zauna na sake saƙa nawa huɗun, ina aza kara kamar sabon shiga. Ille ya zo ya tarar da ni, ya dubi karan, ya dube ni. Na jira baƙar magana. Sai ya ce, "Ashe bawa ya koma lakwal," ya zauna ya kama naɗa mini zare a kwarkwaro har rana ta faɗi. Da anka ɗinke, ratsin ya haɗu tun daga kai har ƙafa. Na shanya shi bisa igiya inda dole ka gan shi in ka fito. Ka fito, ka tsaya, ka daɗe kana dubawa. Kai masaƙi ne, ka san ƙwaryarka, ka ga huɗunka na nan ba a taɓa su ba, ka ga waɗanda anka sake. Ka dube ni, na sunkuyar da kai ina gyaran allerar masaƙa da ba abin da ya same ta. Amma motar Jado ta tashi ba da kai ba.

A gaban mutane na kunyata ka, a ɓoye na gyara, wannan bai biya ba. Shi ya sa nake rubuta shi da hannuna, don ya zauna: aikinka ne daidai, nawa ne ya kauce. Ka yafe mini. Ranar taron ƙungiya da Ille ya kawo sunanka ya ce a ba ka naka rance, na so in tashi in faɗa gaban kowa, amma sai hannu kawai na ɗaga. In ka zo gida da salla ka karanta wa innarka da Ille wannan wurin, na yarda. Ille zai yi shekara yana ja na da shi, na ɗauka.

Abin da zan ce maka a kai kaɗan ne. Kada ka bar kara, ko ka shekara nawa a masaƙa. Kada nauyin biya ya sa ka karɓi aikin da ya fi lokacinka, gara ka ce wa mai kaya ba zai samu ba. In Allah Ya ba ka masu taya ka aiki, abu ya ɓaci, ka fara auna naka kafin ka nuna wani da yatsa, kuma ko nasa ne, ka ja shi gefe.

Yau zuciyata sakayau take. Na sauke na kes har ƙarshe, na mayar wa Ille nasa, ko da yake ya ce ragowar bautar tana nan. An sake tara wa ƙanwarka tabarmi. Zaren da ke bisa masaƙata yanzu nawa ne, shuɗi ne, ni na zaɓe shi. Ran nan na wuce shagon Alhaji Nomau munka gaisa lahiya lau, na saya na biya na fito. Da motarka ta tashi, innarka na sharar hawaye, ni kuwa itacen masaƙar nan da ke ɗaure a sama nake kallo, ina cewa alhamdu lillahi, ba jakar Jado ba ce. Rabona da barci mai daɗi irin na kwanakin nan tun kafin wanka ya tahi. Ka kira shi, ka faɗa masa yanzu sana'ar na ciyar da mai ita. Ban ce zai komo ba, amma ya ji.

Ka buɗe buhun zaren da ke da ɗaurin ja, za ka ga karan a tsakiya, na naɗe shi da tsumma. Ni na yanki wani.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wa hannunka albarka, Ya haɗa ka da masu saye na kirki da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare ka daga gobara da ɓarawo da motocin da ke gudu bisa gudiro, hanyar kwalta, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ka ɗauka cikin rufin asiri, Ya maido mana da kai lahiya. Ka riƙe salla. Ka gai da mai gidan da ya ba ka wuri.

Saura abu guda, kuma wannan ba shawara ba ce, umurni ne. Ka ce za ka sa a rubuta allo a bakin rumfa. Ban yarda a sa wani sunan Faransanci ba. A rubuta MASAƘAR ASUMANA NA BUZA, da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa cikin mota zai karanta ba sai ya rage gudu ba. Naka ya biyo a ƙasa, girmansu ɗaya, ka ci wannan. A takardun kes ma, inda ake tambayar wanda ya koya maka, ka tsaya a kansu har sai ka ga sun rubuta sunana daidai. Baƙi uku da ja guda kuma, na ba ka, ka sa a bakin kowane luru da ya fita daga hannunka. Duk macen da ta juya ta tambaya, ka ce mata na ɗan Asumana ne, wanda ya fara da ƙoshiya guda.

Ni ne ubanka,
Asumana Masaƙi.